Malama Kafin Tubali: Karatun 'Ya'ya Mata a Tsaunukan da Yaƙi Ya Ɗaiɗaita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu mata da ke zaune nan gaba, ƙannena ɗalibai, barkanku da zuwa, Allah ya saka muku da alheri da kuka ba da lokacinku.

An ce in yi magana a kan gina makarantu da karatun 'ya'ya mata a yankunan tsaunuka masu nisa, waɗanda kuma yaƙi ya taɓa. Yawancin misalaina daga Afganistan da arewacin Pakistan zan ɗauko su. A can ne dutse da bindiga da talauci suka haɗu wuri guda, a can ne kuma aka fi gwada dabaru, wasu suka yi kyau, wasu suka watse, aka kuma rubuta labarin kowanne.

Sai mun fara fahimtar ƙasar kanta. Tsaunukan Hindu Kush da Karakoram ba irin tudun da mutum zai hau ya sauko kafin azahar ba ne. Mutane suna zaune a cikin kwari, ƙauye nan, ƙauye can, kogi yana gudu a tsakiya, dutse ya tsaya ta dama da ta hagu. Jami'in ilimi da ke zaune a babban birni zai buɗe taswira ya ga ƙauyuka biyar kusa da juna, ya ɗiga alƙalami a tsakiyarsu ya ce a gina makaranta a nan, kowa ya zo. A takarda lissafinsa daidai ne. Amma ku ɗauki yarinya 'yar shekara takwas a ɗaya daga cikin ƙauyukan nan. Ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta taya uwarta kora awaki. Hanyar da za ta bi siririya ce, a gefen dutse aka sassaƙe ta, wani wurin mutum biyu ba sa iya giftawa, ƙasa kuwa kogi ne mai sanyin ƙanƙara. Akwai gada ta katako da igiya wadda ke lilo in an taka. In ta tsallake, sai ta ratsa gonakin wani ƙauye wanda wataƙila akwai tsohuwar gaba tsakaninsu da danginta. Gaba kaɗan akwai shingen masu bindiga, yau na gwamnati ne, gobe na wasu ne. Ta yi wannan tafiya da safe, ta sake yin ta da yamma. Ina tambayar iyaye maza da ke cikin ɗakin nan, wa zai saki 'yarsa a wannan hanya kullum, hankalinsa a kwance?

Na kawo wannan ne saboda muna saurin yanke wa iyayen nan hukunci. Da an ga aji babu mata sai a ce ai mutanen dutse jahilai ne, ba sa son karatun 'ya mace. Akwai masu ƙin, ba na musu. Amma akwai wani bincike da ya kamata duk mai wannan magana ya sani.

A shekarar 2007 zuwa 2008, wasu masu bincike biyu, Dana Burde da Leigh Linden, sun bi diddigin wani aiki a lardin Gor, ɗaya daga cikin lardunan Afganistan mafi nisa da talauci. Ƙauyuka 31 ne, yara kusan 1,500. Aka yi ƙuri'a, wasu ƙauyukan aka buɗe musu aji nan take, sauran aka ce su jira shekara mai zuwa. Ku lura, ba a aza tubali ko guda ba. Mutanen ƙauye suka ba da wurin da ake da shi, aka ɗauki malami daga mutanen yankin aka ba shi horo, aka kawo littattafai na manhajar gwamnati. Shi ke nan. Da shekara ta zagayo aka ƙirga. A cikin kowace yara mata 100, an samu ƙarin 52 da suka shiga makaranta. Tazarar da ke tsakanin maza da mata wajen shiga aji ta ɓace. Sakamakon jarrabawar lissafi da karatu ya ɗaga, na matan ya fi ɗagawa. Sun kuma auna nisa, suka ga cewa duk mil guda da aka ƙara tsakanin gida da makaranta, wajen yara mata 19 cikin 100 ne ke zubewa, na maza kuwa 13.

Iyayen nan fa su ne dai na bara. Ba a yi musu wa'azi ya canza su cikin wata goma sha biyu ba, ba a kuma raba musu kuɗi ba. An dai kawo ajin inda uwa za ta leƙa ta ga 'yarta ta shiga. Ashe da yawansu suna so tun da can, hanya ce ta hana. Ni a ganina wannan shi ne darasi mafi girma a fannin nan gaba ɗaya, kuma shi ne wanda masu ba da tallafi suka fi jinkirin karɓa, don aji a ɗakin aro ba ya yin kyau a hoto, babu kuma bangon da za a manna allon sunan wanda ya ba da kuɗi.

To amma kusanci yana kai yarinya ne zuwa wani mataki. Tana ƙarama, iyaye za su yarda dattijon da suka sani ya koyar da ita. Da ta kai shekara 11 ko 12, ta fara zama budurwa, magana ta canza. Daga nan tambayar da uba zai yi ita ce, wa ke koyarwa, namiji ko mace? In namiji ne, a wurare da yawa karatu ya ƙare ke nan. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2017, lokacin da dakarun ƙasashen waje da kuɗinsu ke Afganistan, wato lokacin da ake ganin abubuwa suna tafiya. Ta ce kusan kashi biyu cikin uku na yara matan ƙasar ba sa zuwa makaranta. Ta ce a rabin lardunan ƙasar, malamai mata ba su kai 20 cikin 100 ba.

Daga ina za a samo malamar? Abin da ake fara yi shi ne a turo ta daga birni. Ba ta zama. Ba laifinta ba ne. Mace ce ita ma, tana da miji ko iyaye, babu gidan da za ta sauka, wani lokaci ko yaren kwarin ba ta ji, albashi sai ta yi tafiyar kwana biyu ta karɓo. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka ta tafi hutu, ba ta dawowa. Sunanta yana nan a takardar biyan albashi, aji kuwa yana rufe. Malamar da ke zama ita ce wadda aka haifa a kwarin, wadda gidan mijinta ke bayan masallaci, wadda in ta yi fashin kwana uku maƙwabciyarta za ta aiko a tambaya ko lafiya.

A lardin Balucistan na Pakistan, cikin shekarun 1990, an gwada wani tsari da ya kama wannan gaskiya. Kafin a buɗe wa ƙauye makarantar mata, sai an samu mace a ƙauyen ko kusa da shi da ta yi aƙalla aji takwas, a ba ta horo, iyaye su kafa kwamiti su ba da wuri. In abin ya zauna, sannan gwamnati ta zo da gini. An sassauta sharaɗin takardar shaida don a samu wadda za ta tsaya, kuma yara mata suka shigo. Wasu masana tattalin arziki, Tahir Andrabi da Jishnu Das da Asim Khwaja, sun duba ƙauyukan Punjab, inda ba tsauni ba ne amma dalilin ɗaya ne, suka tarar cewa ƙauyen da gwamnati ta taɓa buɗe wa sakandaren mata ya ninka sauran sau uku wajen samun sababbin makarantu daga baya. Me ya sa? Waɗanda suka gama sakandaren ne suka zama malamai. Ɗalibar yau ita ce malamar da za a nema bayan shekara goma. Mu wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, Allah ya ji ƙanta, ba ta jira matan ƙauye su taso su zo gare ta duka ba. Jajis ta horar, mata daga cikinsu, su karɓi karatu su koma su koyar da 'yan uwansu a inda suke.

Bari in ba ku labarin wurare biyu a yanki guda, Gilgit-Baltistan, can ƙuryar arewacin Pakistan. Na farko Hunza. A 1946, Aga Khan na Uku, shugaban mabiya Isma'iliyya na lokacin, wato wani reshe na Shi'a da yawancin mutanen Hunza ke bi, ya sa aka fara buɗe ƙananan makarantu a kwarin. An rawaito yana yi wa mabiyansa nasiha cewa wanda ke da ɗa da 'ya, kuma ƙarfinsa bai kai ya karantar da duka biyun ba, to ya fara da 'yar. A lokacin babu titin mota, sai a ƙarshen shekarun 1970 aka gama babbar hanyar Karakoram da ta haɗa Pakistan da Sin. A 1982 aka kafa shirin raya karkara na Aga Khan, ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyi, mata ma suka kafa nasu, ana tara kuɗi, ana haƙa magudanan ruwa, ana gina azuzuwa da aikin gayya. Yau Hunza tana cikin wuraren da suka fi yawan masu ilimi a Pakistan, maza da mata, kuma 'ya'yan kwarin ne ke koyarwa a makarantunsa. Na biyu Diyamar, a kan wannan babbar hanya dai, kudu da Gilgit. A watan Agusta na 2018, cikin dare guda, aka banka wa makarantu 12 wuta a gundumar, da yawansu na mata ne.

Wani zai ce ai bambancin aƙida ne. Ban yarda wannan ya isa bayani ba, kuma kwarin Suwat, da ke arewa maso yammacin Pakistan, shi ne hujjata. Mutanen Suwat Fashtun ne, Ahlus Sunna ne, masu riƙo da al'ada. Sarkinsu na ƙarshe, Miangul Jahanzeb, wanda ya yi mulki daga 1949 har aka haɗe masarautar da Pakistan a 1969, ya cika kwarin da makarantu da asibitoci, har da makarantun mata. Abin da Hunza da Suwat ta wancan zamani suka yi tarayya a kai shi ne, mutumin da jama'a ke jin maganarsa ya tsaya a kan abin da bakinsa da aljihunsa, kuma aka daɗe ana yi har 'yan aji na farko suka girma suka karɓi alli. A Hunza an shafe kusan shekara 80 ana wannan aiki. Aikin da ƙungiyoyin agaji ke tsarawa kuwa, yawanci shekara uku ne ko biyar.

Yanzu in zo kan ginin kansa, don kada wani ya fita daga nan ya ce na ce gini ba shi da amfani. Yana da amfani ƙwarai. Rahoton 2017 ɗin nan ya ce makarantu 41 cikin 100 a Afganistan ba su da gini sam, 60 cikin 100 na makarantun gwamnati ba su da makewayi, 30 cikin 100 ba su da ruwan sha mai tsabta. Yaro namiji zai zagaya bayan dutse ya yi uzurinsa. Budurwar da ta fara al'ada ba za ta iya ba, sai ta zauna gida kwana biyar ko shida a kowane wata, daga nan ta ga an wuce ta, ta daina zuwa. Haka katanga. A wurare da yawa, in masu wucewa za su iya hango 'yan mata a tsakar makaranta, iyaye ba za su tura su ba. Katanga da makewayi mai ƙofa da famfo ko rijiya su ne abubuwan da ɗan kwangila ke fara yankewa in kuɗi ya gaza, alhali su ne ke riƙe manyan 'yan mata.

Gini a tsauni kuma wahala ce ta daban. Lokacin aiki gajere ne, da sanyi ya shigo siminti ba ya kamawa yadda ya kamata. Kaya a mota suke zuwa inda titi ya ƙare, daga nan sai jaki da alfadari, wani wurin sai bayan mutum. A watan Janairu na 2010 dutse ya zaftaro a Attabad ya toshe kogin Hunza, ruwa ya taru ya zama tafki ya haɗiye wani sashe na babbar hanyar, mutanen da ke can saman kwarin suka koma shigo da komai ta jirgin ruwa har zuwa 2015. Duk lissafin da aka yi a ofis, rana ɗaya dutse zai iya rushe shi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar Asabar, 8 ga Oktoba, 2005. Watan azumi ne. Da misalin ƙarfe 8:50 na safe girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.6 ta afka wa Kashmir da yankin Balakot. Asabar ranar karatu ce a can, yara suna cikin aji, an gama kiran suna. Mutum sama da 70,000 suka rasu, daga cikinsu ɗalibai sama da 17,000. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yawancin yaran nan rufin makaranta ne ya danne su. An ɗora daɓen kankare mai nauyi a kan bangon dutse da ba a ɗaure shi da komai ba, an rage rodi, an rage siminti, ƙasa na motsawa bango ya buɗe, rufi ya sauko gaba ɗaya. Bayan shekara goma, a 25 ga Afrilu, 2015, irin wannan girgiza ta sami Nepal, ta rusa dubban azuzuwa. Ita ma Asabar ce, sai dai a Nepal Asabar ranar hutu ce, azuzuwan babu kowa. Ba ingancin gini ne ya tsirar da yaran Nepal ba, Allah ne ya sa ranar ta faɗo haka.

Da injiniyoyi suka zagaya Kashmir bayan girgizar, sun ga wani abu da ya ba su mamaki. Tsofaffin gidaje na gargajiya da ake kira dajji diwari da yawansu suna tsaye. Yadda ake yin sa, kafinta zai haɗa firam na katako, ya rarraba bangon zuwa ƙananan gidaje da sanduna a tsaye da a kwance da a karkace, sannan a cike kowane gurbi da ƙananan duwatsu da laka, a ɗora rufi marar nauyi. In ƙasa ta girgiza, bangon yana ɗan motsi yana ƙara, laka ta tsattsage, dutse ɗaya ko biyu su faɗo, amma katakon yana riƙe da juna, rufi bai sauko a kan kowa ba. Daga baya hukumar sake gina yankin ta amince da wannan salo. Kayan aikin suna nan a kwarin, maginan suna nan a ƙauyen, kuma in wani wuri ya lalace su za su gyara ba tare da jiran kowa ba. Duk wanda zai tara 'ya'yan mutane arba'in ƙarƙashin rufi guda a ƙasar da ke girgiza, amanar rayuka ya ɗauka, kuma buhun simintin da aka karkatar ranar gini zai tsaya a gaban Allah ya yi shaida.

Akwai kuma ginin da aka gama lafiya, aka yi biki, aka yanka ƙyalle, sannan aka bar shi. Wasunku sun ji labarin Greg Mortenson, Ba'amurke mai hawan tsauni, wanda ya gina makaranta a ƙauyen Korfe na Baltistan a 1996, bayan an fara yin gada a kan kogin Braldu don a iya shigo da kaya. Ya yi suna a duniya, ƙungiyarsa ta tara miliyoyin daloli. A 2011 gidan talabijin na CBS ya bi sawun makarantu kusan 30 da ƙungiyar ke cewa nata ne, ya ce wajen rabinsu ko babu kowa a ciki, ko wasu ne suka gina su, ko ba sa samun wani tallafi. A 2012, bayan binciken babban lauyan jihar Montana, ya amince zai mayar wa ƙungiyar dala miliyan 1. Akwai makarantun da ya gina da gaske, akwai yaran da suka amfana, adalci ne a faɗi haka. Amma lamarin ya nuna cewa tara kuɗin gini ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan biyan albashin malama shekara goma a jere. Hukumar SIGAR, wadda Amurka ta kafa don sa ido kan kuɗin sake gina Afganistan, ita ma ta yi ta ƙorafi a kan makarantu da malamai da ɗalibai na bogi, waɗanda a takarda kawai suke, ana karɓar kuɗi da sunansu.

Sai batun bindiga. Me ya sa ake ƙona makaranta? Wani lokaci don ta mata ce. Amma sau da yawa don ita ce kaɗai alamar gwamnati a kwarin gaba ɗaya. Babu ofishin 'yan sanda, babu kotu, sai wannan gini mai tuta. Wanda ke yaƙi da gwamnati ya rasa abin da zai buga sai shi. Ƙungiyar agaji ta CARE ta yi nazari a Afganistan a 2009, ta gano cewa makarantar da ake alaƙanta ta da sojojin ƙasashen waje ta fi shiga haɗari, wadda kuma mutanen gari suka nema da kansu suka sa hannu a cikinta ta fi samun kariya. Asusun UNICEF ya ce hare-hare a kan makarantun Afganistan sun tashi daga 68 a 2017 zuwa 192 a 2018, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an mayar da makarantu wuraren rajistar masu zaɓe da rumfunan jefa ƙuri'a. Haka in soja ya kafa sansani a makaranta. Ranar da ya shiga, makarantar ta zama abin hari, kuma ko ya fita, uwa ba za ta manta cewa maza masu bindiga sun kwana a ajin 'yarta ba. Wannan ne ya sa aka fito da Yarjejeniyar Kare Makarantu a birnin Oslo a watan Mayu na 2015, ƙasashe sama da 100 suka sa hannu cewa za su nisanta soja daga makarantu. Sa hannu abu ne mai kyau. Kwamandan da ya iso ƙauye da dare cikin sanyi, ya ga gini guda ɗaya mai rufi da katanga, shi ne wanda ya kamata takardar ta isa gare shi.

A nan ma ƙaramin ajin cikin ƙauye ya fi babban gini tsira. Ba shi da tuta. Wanda zai ƙona shi, ɗakin wani dattijo zai ƙona, kuma sai ya amsa tambaya a gaban dangi. A wurare da dama dattawan gari ne suka je suka zauna da kwamandan masu bindiga, wanda sau da yawa ɗan wani ne a cikinsu, suka ce makarantar nan tamu ce, malamar 'yarmu ce, ga abin da ake koyarwa, zo ka duba. Ba kullum ake dacewa ba. Amma baƙon da ya zo da mota mai tambari ba zai iya wannan zama ba ko kusa.

Suwat ta nuna mana iyakar wannan kariya. Maulana Fazlullah, jagoran 'yan Taliban na kwarin, ya fara ne da wa'azi a gidan rediyon FM, yana kiran sunayen 'yan matan da suka bar makaranta yana sa musu albarka. Daga baya aka koma dasa bam. Ɗaruruwan makarantu aka rusa a kwarin, aka kuma ba da wa'adi cewa daga 15 ga Janairu, 2009, kada 'ya mace ta sake zuwa aji. A lokacin ne wata yarinya 'yar shekara 11 daga Mingora, babban garin kwarin, wadda mahaifinta ke da makaranta, ta riƙa rubuta wa sashen Urdu na BBC abin da ke faruwa. Ita ce Malala Yusufzai, wadda aka harba a motar makaranta ranar 9 ga Oktoba, 2012, ta rayu, ta karɓi kyautar Nobel a 2014. Abin da nake so ku riƙe shi ne, yarinyar da ta tsaya ta yi magana jikar wancan zamani ce da aka cika kwarin da makarantu. Inda karatun mata ya yi shekara hamsin, in an zo rufe shi ana samun masu cewa a'a daga cikin gida.

Na bar mafi ɗaci zuwa yanzu. A 2001 ɗaliban Afganistan ba su kai miliyan 1 ba, kusan dukkansu maza. Zuwa 2018, a ƙididdigar UNESCO, sun kai wajen miliyan 10, yara mata a firamare sun kai miliyan 2.5. Taliban suka karɓi Kabul ranar 15 ga Agusta, 2021. A watan Satumba aka buɗe sakandare ga maza kaɗai. Ranar 23 ga Maris, 2022, aka ce mata su dawo, suka zo da kayan makaranta da jakunkunansu, bayan 'yan sa'o'i aka ce su koma gida. A Disamba na 2022 aka rufe musu jami'a. A Disamba na 2024 aka dakatar da horar da mata aikin jinya da ungozoma. Yau yarinya tana iya karatu zuwa aji shida, daga nan ƙofa ta rufe. A 2024 UNESCO ta ce 'yan mata miliyan 1.4 ne wannan hani ya raba da sakandare.

Ku haɗa wannan da abin da na faɗa a baya. Malamar da za ta koyar da 'yan aji ɗaya a lardin Gor ko na Badakshan nan da shekara goma, yau ya kamata a ce tana aji tara. Ba ta can. Waɗanda ke koyarwa yanzu za su tsufa, wasu su yi ƙaura, babu masu maye gurbinsu. Ke nan firamaren da aka ce an bari a buɗe, ita ma a hankali za ta bushe, kuma ƙauyen kan dutse ne zai fara rasa malama kafin birni.

Ba aji kaɗai ba. A 2002 an yi wani bincike a gundumar Rag da ke Badakshan, aka samu cewa a kowace haihuwa 100,000, mata kusan 6,500 ke mutuwa. Wato kusan mace guda a kowace haihuwa 15 ko 16. Yana cikin adadi mafi muni da aka taɓa rubutawa a duniya. A lokacin ƙwararrun ungozomomi a ƙasar gaba ɗaya ba su kai 500 ba. Maganin da aka samo shi ne irin na malamai: ƙauye ya zaɓi 'yarsa wadda ta yi karatu, a kai ta horo na wajen shekara biyu, ta dawo ta yi aiki a cikin mutanenta. Dubbai aka horar ta wannan hanya, mace-macen suka ragu. Amma ba a ɗaukar wadda ta tsaya a aji shida ta koyi auna jini da lissafin magani. Mijin da ya ce likita namiji ba zai duba matarsa ba, ya kuma ce 'yarsa ba za ta wuce aji shida ba, wa ya tanadar wa matar tasa ranar da naƙuda ta zo da gardama, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, asibiti yana bayan tsauni biyu?

Kuma kada a jingina wannan ga addininmu. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi, malamai kuma sun yi bayani cewa mace tana ciki. Manyan sahabbai maza sun zauna sun ɗauki ilimi daga Uwar Muminai A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Da aka rufe jami'o'in, Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya fito ya ce matakin ya saɓa wa shari'a, Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ita ma ta nemi a janye shi. A Janairu na 2025 an yi babban taro a Islamabad kan karatun 'ya'ya mata a al'ummomin Musulmi, an gayyaci hukumomin Kabul, ba su zo ba. Babu wata ƙasar Musulmi a duniya da ta hana 'ya mace sakandare in ba Afganistan ba. Ina ganin malamanmu na addini suna da nauyi na musamman a nan, domin mutumin kwarin da ba zai saurari jakadan Turai ba, zai iya sauraren malami ɗan uwansa da ya zo masa da aya da hadisi cikin girmamawa.

Ga masu niyyar taimakawa da dukiyarsu, kafin ku ba wata ƙungiya kuɗin gina makaranta a irin waɗannan wurare, ku tambaye ta minti nawa ƙaramar yarinya za ta yi daga gida zuwa aji, ku tambayi sunan ƙauyen da malamar ta fito da wanda zai biya ta albashi a shekara ta shida, ku tambayi inda 'yan aji shida za su wuce in sun gama. In sun amsa waɗannan, sai ku nemi ganin zanen ginin, ku duba ko akwai katanga da makewayi, ku kuma tambayi wane injiniya ne ya duba rufin.

Shugaban taro, lokacin da aka ba ni ya cika. Na ga hannaye a ɓangaren ɗalibai mata, ina roƙon a fara ba su dama. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.